Jarkar Mai Cajin Batir

Sauke hannunka daga jarkar nan, Malam. Na san ta tsufa, na san babu komai a cikinta, kuma na ji lokacin da kake gaya wa 'yar'uwarka cewa tsohon nan tarkace ya yi masa yawa. Kunnena bai mutu ba tukuna. Ba a zubar da ita. Ku jawo kujeru ku zauna, tunda makarantarku ta turo ku ku yi wata shida kuna koyon aikin lab a wurina, kuma tun ranar farko na ga kun yanke hukunci cewa aikin bai wuce wankin kwalabe da goge tebur ba. Ban ga laifinku ba. Ni ma haka na ɗauka ranar da mahaifina ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Lasisi.

Sunana Kyari, ko da yake na manta rabon da wani ya kira ni da shi a ginin nan, kowa Baba Lab yake cewa. Iyayena daga Borno suka zo, amma a Fagge aka yanke min cibiya. Baba Lasisi maƙwabcinmu ne, Bayarabe, shi ma a Fagge ya yi gemu har ya yi furfura, yana kula da lab ɗin wata sakandare a Sabon Gari. Na fito makaranta da sakamakon da ba ya kai mutum ko'ina, mahaifina ya ce ba zai zuba ido ina zaman dakali ba. Baba Lasisi ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in nuna masa hannuwana. Ya juya su, ya duba farce, ya ce in je in yanke in dawo gobe.

Aikin farko da ya ba ni wankin biyuret ne. Ga su can a jere, doguwar kwalbar nan siririya mai lambobi a jiki da ɗan famfo a gindi. Na wanke guda goma sha biyu da sabulu, na ɗauraye, na kai masa ina jiran yabo. Ya ɗauki ɗaya ya cika ta da ruwa, ya buɗe famfon ya bari ya tsiyaye, sannan ya ɗaga ta saitin taga. Ɗigo-ɗigo sun maƙale a ciki. Ya turo min duka sha biyun. Sai a rana ta uku ya ga dama ya gaya min cewa kwalbar da ta wanku ruwa ba ya maƙale mata, kuma duk ɗigon da ya tsaya a bango, yaro zai lissafa shi alhali bai sauka ba. Wata uku na yi ina wanki. Har uwata ta fara tambaya ko wanke-wanke aka kai ni koyo, in haka ne ai ga tukwane a gida.

Daga nan ya matsar da ni kan sikeli. Ba irin naku na yanzu ba da za ka danna ya rubuto maka lamba. Namu mai faranti biyu ne a cikin akwatin gilashi, da 'yan duwatsun tagulla waɗanda ba a taɓa su da hannu sai da ɗan hantsaki, don maiƙon yatsa ma nauyi ne. Kafin a yi awo sai a kashe fanka, a rufe taga, a tsakiyar zafin Kano, gumi yana bin bayanka. Idan na yi numfashi da ƙarfi allurar ta motsa, sai ya ce in fita in gama hakin in dawo. Mutum ne marar faɗa, amma shirunsa ya fi bulala ciwo.

Na ƙarshe da ya koya min shi ne ruwa, kuma shi ne ya fi ba ni haushi a lokacin. Muna da tukunyar tace ruwa mai amfani da lantarki. Tana tafasa ruwa, tururin ya bi ta bututu mai sanyi, ya riƙa ɗiga a hankali cikin jarka. Yini guda ba ta cika jarka ɗaya. Da wannan tataccen ruwan kaɗai ake haɗa sinadari, don ruwan famfo da na 'yan ga-ruwa duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ido ba ya gani. Amma ko ruwan da shi da kansa ya tace, Baba Lasisi ba ya zuba shi a komai sai ya yago takardar litmos, shuɗiya da ja, ya tsoma. Idan shuɗiyar ta koma ja, akwai asid. Idan jar ta koma shuɗiya, akwai ɗan'uwan kanwa. Wata rana na gaji na ce masa, Baba, ai mu muka tace shi jiya. Ya ce:

"Ruwa ba ya gaya maka inda ya kwana, Kyari. Tambayarsa ake yi."

Shekara shida na yi a ƙarƙashinsa kafin ya tattara ya koma garinsu, Allah Ya jiƙansa. Ya bar min hantsakinsa da wannan maganar.

Bayan na yi wasu shekaru a sakandare sai na koma irin makarantun nan namu na E-lebul. Ku da kuka zo daga kwaleji wataƙila ba ku gane nauyin abin ba, bari in fayyace muku. Yaro ya gama sakandare, ya zo nan ya ɗauki darussa uku ya yi musu karatu mai zurfi na kusan shekara. Idan ya ci jarrabawar ƙarshe da maki mai kyau, jami'a ba za ta sa shi a aji ɗaya ba, aji biyu za ta kai shi kai tsaye, ta lissafa masa abin da ya yi a nan a matsayin shekararsa ta farko. To kun ga abin da ake yi a ɗakin nan ba wasan yara ba ne. Jami'a ta yarda da mu ne ba tare da ta gan mu ba. Duk kwalbar da kuka ajiye a gaban ɗalibi, shekara guda ce ta rayuwarsa kuka ajiye.

Mutanen da na gani kuwa, sai dai a yi shiru. Akwai 'ya'yan alhazan kasuwar Kwari masu zuwa suna kaɗa makullin mota, su fasa fifet, siririyar kwalbar nan ta auna ruwa, su ce nawa ne. Akwai matan aure da ke barin goyo a wurin mai gadi su hau sama da gudu. Akwai waɗanda suka nemi gurbin jami'a har suka gaji, suka zo nan a matsayin ƙofar ƙarshe. A da, kafin a kawo 'yar robar nan ta zuƙo, da baki ake jan ruwa a fifet. Wani ƙato mai gemu ya ja da ƙarfi, ruwan soda ya cika masa baki, ya zube ƙasa yana kalmar shahada yana ba da wasiyya. Na ba shi ruwa ya kurkure, na matsa masa lemon tsami, na ce ya tashi, ko tuwon gidansu ya fi wannan kanwa. Har ya gama makarantar abokansa Marigayi suke kiransa.

Aikin da ya fi kowane kawo maki a jarrabawar firaktikal ta kemistiri shi ne wanda kuka ga ana yi jiya. Ana ba ɗalibi ruwa biyu. Na farko asid, ya cika biyuret da shi. Na biyu ruwan soda, ya auna da fifet ya zuba a ƙaramar kwalba, ya ɗiga masa launi ya zama rawaya. Sai ya riƙa sakin asid a hankali yana karkaɗawa, har ɗigon da zai juya rawayar nan ta koma launin ruwan lemo. Nan zai tsaya ya karanta lamba. Idan ya wuce, ruwan ya yi ja, ya ɓata. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba shi ne, masu duba takarda ba su da wata amsa a rubuce tun daga sama. Malamin darasin ne yake yin gwajin da irin ruwan da aka ba yara, ya rubuta lambar da ya samu a takardar rahoto, a rufe ta a ambulan ɗaya da takardunsu. Da lambar malam ake auna ta kowa. Wanda ya kusance ta ya ci, wanda ya yi nisa ya faɗi. Kuma ni ne nake haɗa ruwan.

Ranar da na fara lura da wata ɗaliba mai suna Basira, satin farko ne, kowa yana tsaye a kan biyuret yana leƙen lamba daga sama kamar mai leƙen rijiya. Ita kaɗai ta durƙusa har idonta ya yi daidai da bakin ruwan, ta sa farar takarda a baya, ta karanta. Babu wanda ya koya mata. Na tambaye ta a wace sakandare ta ga haka, ta yi dariya ta ce a rumfar manja. Uwarta, Iya Basira, manja da man gyaɗa take sayarwa a Kasuwar Sabon Gari, kuma tun tana 'yar shekara bakwai take cika kwalba. Idan ka rage mai saye ya yi faɗa, idan ka ƙara Iya ta yi faɗa, dole idonka ya koyi gaskiya.

Sau uku ta nemi jami'a ba ta samu ba. Karatun harhaɗa magunguna take so, shi kuwa ba a shigarsa da kemistiri mai rauni. Iya ta gaya mata, ta kuma gaya min da bakinta ranar da ta rako ta, cewa wannan ne na ƙarshe. Gwiwoyinta sun gaji da zaman rumfa, ba ta da wani babba sai Basira. In an ci, alhamdu lillahi. In ba a ci ba, ga rumfa, ba abin kunya ba ne, da ita aka ciyar da kowa. Ba da fushi ta faɗa ba, kuma yarinyar ba ta yi musu ba.

A lokacin ina wata makaranta ce a saman bene a Sabon Gari. Ba sai na kama suna ba, ta ma daɗe da rufewa. Kwana uku kafin firaktikal aka kawo takardar umarni a rufe, mai faɗin abin da za a auna da yadda za a haɗa. Na haɗa na mutum talatin, da tataccen ruwan da na yi sati ina tarawa. Asid na yi shi da yawa, don na san yara da ɓarinsa. Ruwan soda kuwa daidai na yi, da ɗan ƙari kaɗan. Ana gobe jarrabawa, bayan la'asar, mai makarantar ya hawo da fara'arsa ya ce an ƙaro mana mutum ashirin daga wata cibiya da aka ƙi amincewa da lab ɗinta. Na ce Alhaji, ruwa fa? Ya ce ruwa kuma a Kano, Malam Kyari? Kwana biyu ke nan babu wuta, janareta yana wurin gyara, tukunyar tace ruwa tana zaune tana kallona.

Duk mai aikin lab a garin nan ya san inda ake zuwa idan haka ta faru. Masu cajin batirin mota suna ajiye tataccen ruwa, don shi ake ƙara wa batir. Da sassafe na tari adaidaita na tafi Fagge wurin wani da na saba saya a hannunsa, mutumin kirki, ruwansa bai taɓa ba ni kunya ba. A gaggauce na fito har na manta jarkata. Ya ce ba komai, ya jawo wannan rawayar daga ƙarƙashin benci, ya cika min daga durom ɗinsa. Muka shiga cunkoso a bakin kasuwa, masu kaya suna sauke buhuna a tsakiyar titi. Kafin in hau benen, rukunin farko sun yi layi, jami'in da hukumar jarrabawa ta turo yana tsaye a ƙofa yana duba agogo.

Na shiga ɗakin ajiya na auna garin soda. Awon nan ko Baba Lasisi ba zai kushe shi ba. Na zuba, na cika da ruwan jarka, na girgiza. Takardar litmos tana aljihun gaban rigata, nan inda kuke ganinta yanzu. Aikin daƙiƙa biyar ne. Ba mantawa na yi ba, kada in yi muku ƙarya. Na tuna, na ce a raina ai ruwan mutumin nan ne, na sha saya. Ana ƙwanƙwasa ƙofa ana kirana, na fita.

Rukunin farko, mutum talatin, suka yi da haɗin farko. Malam Sagir, malamin kemistiri, ya ɗebi ragowar ya yi nasa gwajin, ya samu ashirin da huɗu da rabi, ya rubuta. Aka fitar da su ta matakalar baya, aka shigo da rukuni na biyu, mutum ashirin. Da lambar jarrabawa aka raba su, shi ya sa namu da baƙi suka gauraya, Basira ta faɗo a ciki. An ce an tsare kada rukunan su haɗu, amma kun san ɗalibai. Wani ya ɗaga tafin hannu ta taga da lamba a rubuce, kafin a zauna kowa ya san ashirin da huɗu da rabi ake nema.

Dokar ɗakin jarrabawa ita ce ni ba na magana da kowa. Ina tsaye a bango, in wani ya fasa kwalba in canza masa. Daga nan na ga abin da ke faruwa. Yaron da ke kusa da ni, launinsa ya juya tun biyuret tana wajen ashirin da ɗaya. Ya ɓata fuska, ya saci kallon na gefensa, ya sake buɗe famfo ya bar asid yana zuba har ya kai inda aka ce masa. Ruwan kwalbarsa ya yi jawur kamar zoɓo. Na duba layi na biyu, haka. Na uku, haka.

Basira tana can ƙarshe wajen taga. Ta tsaya a ɗigon da ya kamata, ta durƙusa ta karanta. Ta zubar, ta ɗauraye, ta sake. Sau uku ake buƙata, ta yi huɗu. Ta daɗe tana kallon takardar kafin ta rubuta, ba ta kuma ɗago ta dube ni ba ko sau ɗaya.

Da aka fita na bi tebur-tebur ina tattara kwalabe. Sha bakwai zoɓo, uku ruwan lemo. Na shiga ɗakin ajiya, na yago shuɗiyar takarda na tsoma a ragowar ruwan jarkar nan. Ko gama jiƙewa ba ta yi ba ta koma ja. Ruwan mai caji lafiyarsa ƙalau, jarkar ce ya taɓa ajiye asid ɗin batir a ciki, ɗan abin da ya rage a gindi bai fi cokali ba. A wurin batir wannan ba komai ba ne, ba shi da laifi ko kaɗan. A wurina kuwa ya cinye wani sashe na sodar tun kafin ta isa hannun yara. Na kira Malam Sagir ya gwada haɗi na biyu. Sau uku yana samun ashirin da ɗaya da ɗigo uku. Ya zauna a kan kujera ya cire hula.

Jami'in hukuma ya sauka yin sallar azahar, ambulan tana kan tebur ba a liƙe ba. A takardar rahoto akwai fili da aka bari don a rubuta duk abin da ya faru da kayan aiki. Idan na yi shiru, za a auna kowa da lambar farko, sha bakwai su ci, ukun da suka rubuta abin da idonsu ya gani su faɗi. Idan na rubuta, za a auna rukuni na biyu da lambarsu ta gaskiya, abin ya juye.

Muka sami Alhaji a ofis. Ya saurara har ƙarshe, bai ɗaga murya ba. Ya ce in yi lissafi da hankali, sha bakwai da uku wanne ya fi yawa. Ya ce yaran nan da ruwana ya yi daidai, da lambarsu ta fito da kanta ba sai sun ƙara komai ba, ni na jefa su a ramin, yanzu kuma ni zan rufe su da ƙasa. Wallahi maganarsa akwai gaskiya a ciki, har yau ban sami amsar da ta share ta gaba ɗaya ba. Abin da na iya ce masa shi ne, jami'a za ta ɗauki yaran nan ta tsallakar da su shekara guda a kan takardar da muka sa wa hannu, kuma ni ban iya sa hannu a kan lambar da na san ba ta jarkar ba ce. Ya dube ni ya ce:

"Malam Kyari, in ka miƙa takardar nan, ka haɗa da makullin lab ka miƙo min."

Na koma sama na rubuta. Haɗi biyu aka yi, ga lambar na farko, ga ta na biyu, ga lambobin ɗaliban da suka yi da kowanne, ga dalili, kuma kuskuren mai haɗawa ne. Na sa suna. Malam Sagir ya riƙe biro ya fi minti biyar, yana da iyali, ban matsa masa ba. Daga baya ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Jami'in ya dawo ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya liƙe ambulan. Na sauka na ajiye wa Alhaji makulli. Hantsakin Baba Lasisi da jarkar nan kaɗai na fita da su.

Washegari da hantsi na shiga Kasuwar Sabon Gari ina tambayar layin 'yan manja. Na sami Basira a kan ɗan benci da mazurari a hannu tana cika kwalabe, Iya tana gefe ta miƙe ƙafa. Ashe tun jiya ta gaya wa uwar cewa ta faɗi, a daina jira. Na gaisa, na tsuguna, na faɗi abin da ya faru tun daga jarka har makulli. Iya ta wanke ni tas, da Hausa da Yarabanci, har maƙwabtan rumfa suka leƙo. Ta ce ita da ba ta yi boko ba, ba ta taɓa zuba man gyaɗa a jarkar da ba ta sunsuna ba. Na ce gaskiya ne, Iya. Da ta huce ta tambaya ko na rubuta da hannuna, na ce na rubuta. Ta sa aka ba ni kujera.

Na juya wurin Basira. Na ce ai kin ji lambar da ake yaɗawa, me ya hana ki rubuta ta? Ta ce ta ji, har ta ɗora biro za ta rubuta, sai ta ga ba za ta iya rubuta abin da ba ta gani ba. Sannan ta ce:

"Amma Baba, ni ban taɓa kawowa a raina ruwan ne ba. Cewa na yi hannuna ne ya lalace. Ai kai ka haɗa."

Na sha zagi a rayuwata, na Iya ma bai daɗe da sauka ba, amma babu wanda ya taɓa yi min ciwo kamar wannan. Yarinya ta yi aiki daidai sau huɗu, ta kwana tana tuhumar hannunta, saboda a wurinta Baba Lab ba ya kuskure. Kunya ta hana ni shan ruwan da aka kawo min.

Shekarar nan ban ji daɗinta ba. Masu makarantu sun san juna, labari ya riga ni zuwa duk inda na nema. Wasu suka ce ni ne mai ɓata ruwa, wasu suka ce ni ne mai tona asiri, kuma na biyun ya fi hana ni aiki. Wata takwas na yi a bayan Kasuwar Singa ina taya wani haɗa sabulun ruwa a durom, mutumin da ke awo da gwangwanin madara yana ce min na cika ƙa'ida. Da sakamako ya fito, cikin sha bakwai ɗin nan wasu sun tsira da ƙarfin takardar rubutu, wasu ba su tsira ba, suka maimaita shekara. Akwai wani Alhaji a masallacinmu na Fagge da ɗansa yake ciki. Har gobe idan na miƙa masa hannu da kan yatsu yake karɓa. Ban taɓa jin haushinsa ba, da ni ne shi wataƙila ko yatsun ba zan bayar ba.

Basira ta sami makin da take nema. Aji biyu ta shiga kai tsaye. Iya ta ɗauko 'yar ƙanwarta daga gida ta riƙe mata rumfa, ta aiko min da kwalbar manja cike daidai wuya, ba ragi ba ƙari. Yanzu Basira tana ɗakin magani na wani asibiti a cikin gari. A wurinta nake karɓar maganin hawan jini, kuma duk wata sai ta juya kwalin ta karanta ranar lalacewarsa a gabana, ko da ita ta jera shi da safe. Ta taɓa roƙona in ba ta jarkar nan ta ajiye. Na ce a'a, ita ba ta buƙatarta, ni ne mai buƙata.

To kun ji dalilin tarkacen tsoho. Mayar da ita inda ka ɗauko ta, bakin yana kallon ƙofa, yadda duk wanda ya shigo da ruwa zai gan ta.

Yanzu kuma, jarkar da kuka shigo da ita da safe, na ga har kun cika manyan kwalabe biyu da ita. Wa ya tambaye ta a cikinku? Kada ku dubi juna, ni na san amsar. Ga takarda, yago shuɗiya da ja. Gobe mutum arba'in za su tsaya a teburan nan, kuma a cikinsu akwai wadda idan lamba ta ƙi fitowa, ba ni za ta zarga ba, ba ku za ta zarga ba. Hannunta za ta zarga.